Katin Matan Durba

Na Ramlatu M. Kibiya

SHAFI NA 27

Masu turo min saƙo tun safe cewa na bar ku cikin zullumi, ku yi haƙuri, sai ɗazu muka ga wuta. Wannan shafin na Maman Hidaya ne, ita da ta rantse min Lukman ba zai iya cutar da ko ƙuda ba. Ki karanta a zaune.

*

Azahar ta gota lokacin da ɗan acaɓa ya sauke Rahma a bakin layinsu a Rano. Daga Kibiya ya ɗauko ta.

Har yanzu ba ta san inda mahaifiyarta take ba.

Jiya da hantsi Inna Jumai tana tsakar gidanta a Durba tana murza ƙuli-ƙuli, wasu maza uku suka yi sallama. Farar mota suka zo da ita mai buɗaɗɗen baya, ba lamba. Suka ce daga Kano aka turo su, za a yi mata 'yan tambayoyi kan asusunta na banki a dawo da ita. Ko mayafi sai Mas'uda, ƙanwar Rahma, ce ta bi ta da shi bakin mota. Duk unguwar an ɗauka jami'an tsaro ne, shi ya sa ba wanda ya tare hanya.

A Durba Rahma ta kwana, in har za a kira wannan kwana. Maganin hawan jinin Inna yana nan kan taga inda ta bar shi.

Da gari ya waye mai unguwa ya raka ta ofishin 'yan sanda na Kibiya. Babban jami'in wurin mutum ne mai haƙuri. Ya ba ta kujera, ya buga waya Rano, ya buga Kano, ya buga wasu ofisoshin da ba ta ma san da su ba. Kowa ya ce bai tura kowa Durba ba, kuma ba wata tsohuwa a hannunsu.

Ya ajiye wayar ya dube ta. Ya tambaye ta me ya haɗa mai ƙuli-ƙuli da asusun banki har a taso dominsa.

Nan ta ba shi labarin gidauniya.

Gidauniyar Inuwar Maraya. Mijinta Lukman ne sakatare. Shekara biyu da suka wuce, ita Rahma da ƙafarta ta bi gida-gida a Durba da Nariya tana tara iyayen marayu da tsofaffin da ba su da mai kula da su. 'Yar gari ce, kuma malamar firamare, in ta faɗi magana ana yarda. Inna ce ta fara dangwala yatsa don sauran su saki jiki. Aka buɗe wa kowace asusu. Katin banki da layin waya kuma aka ce a bar su a ofis, kada 'ya'ya da jikoki su riƙa yi musu wayo. Duk wata ana kai musu shinkafa da mai da ɗan abin cefane, suna ta sa albarka.

Tana cikin bayani ta ga fuskar jami'in ta canza. Ya tambayi yawan matan, ta ce sun haura arba'in. Ya tambayi wanda yake riƙe da katunan.

Ta sauke kai ƙasa.

"Maigidana ne."

Ya ce ta koma gida, kada ta nuna masa komai. Bayan la'asar zai zo Rano da mutanensa su gana da shi.

Duk hanya abu ɗaya take juyawa a ranta. An ɗauke surukarsa, gari ya ɗauka, har mutanen Nariya sun zo jaje, amma Lukman bai taka Durba ba. Wai zazzaɓi. Lukman ɗin da ko mura Inna ta yi sai ya hau babur ya je dubiya.

Ƙofar gida ta tarar a sakate ta ciki, da rana tsaka.

Ta daɗe tana bugawa kafin ya tambayi ko wane ne, murya ƙasa-ƙasa. Da ya buɗe ma ba ita ya kalla ba, bayanta ya leƙa, ya dubi farkon layi ya dubi ƙarshensa, sannan ya jawo ta ciki ya mayar da sakata.

Gidan shiru. Ba takalman 'yarsu a bakin ƙofa.

"Ina Mufida?"

"Na kai ta Rurum wajen Hajiya."

"Ranar makaranta?"

Ya tambaye ta ko an samu labari, ya tambayi Mas'uda, ya ce ta zauna ya kawo mata ruwa. Maganar tana fita amma idonsa ba ya wurin. Rigar da ta bar shi da ita jiya ce a jikinsa.

Ta wuce shi ta shiga ɗaki.

Wayoyi uku ne jere a kan darduma. Ɗaya ta sani. Biyun ƙanana ne, irin masu madannai, ba ta taɓa ganinsu a gidan ba.

Ta tsaya a kansu ko hijabi ba ta cire ba.

"Abban Mufida, ina katin Inna?"

Ya ce yana ofis mana, inda ake ajiye na kowa. Ta ce to su tafi ofis ɗin yanzu ya ba ta. Ya ce makullin yana hannun wani. Ta tambayi wa. Ya ce ta gaji, ta kwanta tukuna, za su yi magana.

"Mai unguwa ya tambaya ko'ina," ta ce. "Ba wata hukuma da ta san da zancen Inna."

Ya dafa bango.

"Ba gwamnati ce ta ɗauke ta ba, ko?"

Ya kawar da kai.

"Ka dube ni. Shekara takwas ina zaune da kai, ban taɓa ɗaga maka murya ba. Yau ma ba zan ɗaga ba. Amma wallahi in na fita daga ɗakin nan ba ka faɗa min ba, Rurum zan nufa, in durƙusa gaban Hajiya in ce ta tambayi ɗanta inda uwata take."

Ambaton mahaifiyarsa ne ya karya shi. Ya sulale ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da gado, ya haɗa kai da gwiwa. Da ya ɗago, sai ta ga kamar an ƙara masa shekara goma.

"Tana raye," ya ce. "Sun ce tana raye."

"Su wa?"

"Ki zauna, Rahma. Don Allah."

Ba ta zauna ba. A tsaye ta ji komai.

Ya fara tun daga lokacin da ya gama makaranta ya rasa aiki, yana zaman shagon Gajere, mai sayar da babura a bakin kasuwa. Ta san Gajere. Ya zo sunan Mufida, shi ya kawo rago. Gajere ne ya ce masa akwai wasu bayin Allah a ƙasashen waje da suke neman amintaccen yaro mai ilimi da zai riƙa raba musu sadaka a ƙauyuka.

Farkon abin gaskiya ne, in ji shi. An haƙa rijiyar burtsatse a Nariya, ruwa ya fito, kowa ya gani. An ɗinka wa marayu kayan sallah. Ana ɗaukar hoto ana turawa, can kuma mutane suna gani suna ƙara bayarwa. Da yawansu har gobe ba su san komai ba. Zakkarsu suke fitarwa da zuciya ɗaya, suna ganin hoton Inna da sauran mata riƙe da ledar shinkafa.

Bayan an buɗe asusun matan ne kuɗin ya sake kama. Ya daina zuwa daga wuri ɗaya. Yau daga nan, gobe daga can, da sunayen da bai taɓa ji ba, kaɗan a wannan asusu kaɗan a wancan. Shi aikinsa ya cire ya sayi abin da Gajere ya ce. Babura. Magunguna katan-katan. Batura da farantan sola. Buhunan taki ko ba damina ba. Sai direba ya zo ya ɗauka. Kullum direban daban, ba ya faɗin sunansa, shi ma ba ya tambayar na Lukman.

"Aka ce min na marayun wasu jihohi ne. Baburan kuma wai samari za a ba su yi acaɓa."

"Ka yarda?"

"Na so in yarda."

Ya ce baburan farko da suka saya, don murna har ya manna wa kowanne tambarin gidauniya a bayan kujera, 'yar bishiyar nan koriya. Da Gajere ya gani ya yi ta faɗa kamar zai dake shi, ya ce kada ya sake. Amma mota ɗaya ta riga ta tafi.

Bayan wasu watanni yana zaune a wannan ɗakin yana duba waya, ya ci karo da wani bidiyo. An kai hari wani ƙauye can gabas kusa da iyaka, an ƙone gidaje, an kashe mutane a gona. Sojoji sun bi sawu sun ƙwato wasu babura, an jera su ana nunawa. Mai ɗaukar hoton ya matso kusa da ɗaya.

"Na ga bishiyar, Rahma. A karkace take, yadda na manna ta da hannuna."

Rahma ta ja da baya. Ta zauna a bakin gado, nesa da shi.

Yayanta Amiru soja ne. Shekara uku ke nan da aka yi musu kwanton ɓauna a wannan yankin, mutane a kan babura suka fito daga daji suka buɗe musu wuta. Inna ba ta ga gawarsa ba. Jakarsa aka kawo mata da takalmansa. Shi ne mai ciyar da gidan, rasuwarsa ce ma ta sa Inna ta shiga sahun masu karɓar tallafi.

"Mutanen da suka kashe Yaya Amiru," ta ce a hankali.

Ya ce bai sani ba ko su ɗin ne, suna da rassa da yawa, wani lokacin ma suna faɗa da juna.

"Kada ka raba min su. Da sunan Inna ka sayi baburan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da asusunta, eh. Da na sauran."

Ba ta yi kuka ba. Abin ya wuce kuka. Tambayarsa ta yi yaushe ya ga bidiyon.

"Bara. Kafin azumi."

Ta tuna abin da ya biyo bayan azumin bara. Ya kai ta Durba yawon sallah. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ci tuwonta har da ƙari. Inna ta dafa kansa ta ce tunda Allah ya ɗauke mata ɗa ya musanya mata da wani.

"Ka sani a ranar," ta ce. "Ta dafa kanka, ka ce amin."

"Na je wajen Gajere washegarin da na gani. Na ce na bar aikin."

"Sai me?"

Sai Gajere ya yi dariya, ya ja shi bayan shago ya nuna masa nasa bidiyon. Lukman ne a ciki yana loda babura, Lukman yana cire kuɗi wajen masu POS, Lukman yana miƙa wa direba makulli. Ya ce masa a duk abin nan ba inda sunan Gajere ya fito. Sunan Lukman ne, sai na matarsa da ta tara mata, sai na tsofaffin Durba. In abu ya fashe su za a fara kwashewa.

Rahma ta tambaye shi wane ne shugabansu, a ina yake, don ta san wanda yake riƙe da uwarta.

Ya girgiza kai.

"Ba wanda ya sani. Haka aka gina abin. Ni Gajere kaɗai na sani. Gajere mutum ɗaya ya sani a Kano, ko sunansa na gaskiya bai sani ba. Shi ma na Kanon wani guda ya sani a tsallaken iyaka. Kamar tururuwa, kowa na gabansa yake bi, bai san inda ramin yake ba. In an kama ɗaya, mutum ɗaya kawai zai iya nunawa, kafin a je kuma wancan ya ɓace."

Ya ce masu wa'azin jawo samari daban, masu riƙe kuɗi daban, masu jigilar kaya daban, masu riƙe bindiga daban, kuma ba sa haɗuwa. Wata rana da Gajere ya so ya tsorata shi, ya ce masa wanda ake kira shugaba a dajin ma ba shi ne ƙarshe ba. Akwai waɗanda ya yi wa mubaya'a a wata ƙasa mai nisa, yana aika musu labari da kasonsu, su kuma suna aiko masa da umarni da masu koyarwa. Irin wannan reshe suna da shi a ƙasashe da dama. Kowane reshe da dajinsa, kowane daji kuma da garuruwan da suke ciyar da shi ba su sani ba.

Kuɗin ma ba duka ne sadaka ba. Sadakar ita ce mayafin. A ƙarƙashinta akwai na fansar mutanen da aka sace, da na shanun da aka kore, da harajin da suke ɗora wa masunta da manoma a inda suka fi ƙarfin hukuma. Kuɗi ne da ba ya iya shiga kasuwa da fuskarsa. Sai ya bi ta hannun wanda ba a zargi ya fito fes.

"Me ya sa mu?" ta ce. "Me Durba ta yi musu?"

"Saboda lafiya lau muke zaune. Ba a taɓa jin ƙarar bindigarsu a nan ba. Wa zai tsaya duba asusun tsohuwa mai ƙuli-ƙuli?"

Ta rufe ido. Fuskokin matan suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya. Baba Hasana da ta ce ita tana tsoron banki, Rahma ta riƙe hannunta ta ce ai ni ce, Baba, zan cuce ki ne? Da wata yarinya a Nariya mai goyo, mijinta ya rasu a haɗarin mota, ta yi ta kuka tana godiya.

Ita ta kai su. Da bakinta, da sunan gidansu.

"To tunda kana musu aiki, me ya sa suka ɗauki Inna?"

Ya dubi wayoyin da ke kan darduma kamar za su ji shi.

Ya ce kwanakin baya kuɗi ya shigo asusun matan irin wanda bai taɓa shigowa ba. Gajere ya ce wannan karon ba za a kai kaya nesa ba. A nemi ɗakin ajiya a nan kusa, wajen Rurum, akwai baƙi da za su zo su zauna na ɗan lokaci. Ya kuma tambaye shi ranakun da kasuwannin yankin nan suke ci, da wadda ta fi cika.

Rahma ta dafe ƙirji.

"Na kasa barci," ya ce. "Can da nisa ne, ina ce wa kaina ban ga kowa ba, ban san kowa ba. Amma Rurum? Hajiya tana cin kasuwa. Ke kina ci. Sai na je ofis na kwashe katunan da layukan duka. In ba su, kuɗin yana nan a kulle, ba mai iya taɓa shi. Na ce wa Gajere sun ɓata."

"Ya yarda?"

"Ya ce in nemo su. Shi ma wuyansa ne a ciki, na samansa ba sa jin uzuri. Na yi ta ja masa rai ina tunanin yadda zan kai kaina ga hukuma ba tare da an kama ki ba. Ban yi zaton za su bi ta Durba ba. Na ɗauka ni za su nema."

"Shi ya sa ka ɓoye 'yarka."

"Rahma…"

"Ka ɓoye taka. Tawa uwar ka bar ta a tsakar gida."

Bai kare kansa ba. Hawaye ne kawai yake bin gemunsa.

Ta tambaye shi inda katunan suke. Ya nuna saman kabad ɗinta da haɓa.

Ta taka kujera ta sauko da babbar kwallar da Inna ta saya mata lokacin aure, wadda ba a taɓa dafa komai a cikinta ba. Ta buɗe. Baƙar leda ce a ƙulle. A ciki katuna ne ɗaure da roba, kowanne da sunan mai shi. Ba ta nema ba, amma na uku da ta zaro shi ne na Inna.

Ta riƙe shi a tafin hannu. Abu ɗan ƙarami, ko nauyi babu.

Ya ce sun ba shi zuwa magariba. Za su kira su faɗi inda zai kai, shi kaɗai. In ya kai, za su sauke Inna a bakin titi ta hau mota ta koma gida.

"In ka kai musu kuma, baƙin su zo Rurum."

Ya dubi ƙasa.

"In ba ka kai ba?"

Ya rufe fuska da tafukan hannunsa.

Ta dubi ledar, ta dubi mijinta. Tun tana yarinya ake ce mata ba abin da ya kai uwa. Ba wanda ya taɓa faɗa mata abin da ake yi in aka ɗora uwa a hannu ɗaya, aka ɗora kasuwa guda cike da iyayen wasu a ɗaya hannun.

"Akwai sauran abu ɗaya," ya ce. "Sun ce suna da ido a layin nan. In suka ga ɗan sanda ko inuwarsa a ƙofar gidan nan, kada in wahalar da kaina zuwa. Shi ya sa na gode Allah da wajen mai unguwa kawai kika je."

Daidai lokacin ladanin masallacin unguwa ya ɗaga murya.

La'asar.

Katin ya suɓuce daga hannunta ya faɗi kan siminti.

Lukman ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, har ta ga lokacin da ya gane.

"Ba mai unguwa kaɗai ba ne," ta ce. Muryarta kamar ta wata. "Na je ofishin Kibiya. Na faɗa musu zancen gidauniya. Na faɗi sunanka."

"Yaushe za su zo?"

"Bayan la'asar."

Ya miƙe zumbur, ya sake zama. Ya tambaye ta lambar jami'in, a kira shi a ce kada ya zo. Ba ta karɓa ba, mai unguwa ne yake da ita. Ta kira mai unguwa, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, yana masallaci. Ta kira Mas'uda ta ce ta ruga ta tsaya a ƙofar masallacin, da ya fito ta ba shi waya. Mas'uda tana tambayar lafiya, Rahma ta katse kiran.

"Kin kashe ta," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Rahma, kin kashe Inna."

Ta juyo gaba ɗaya.

"Ni?"

Kalma ɗaya ce, amma ya kasa haɗa ido da ita.

Ya ce to su fita yanzu, su tare su a hanya tun kafin su shigo gari. Ta ce in mai idon ya ga sun fita tare fa, ya bi su? Ya ce to ita ta fita ta baya, ta gidan maƙwabta. Ta ce ta wace hanya za su shigo, ya sani? Bai sani ba. Suka tsaya cirko-cirko a tsakiyar ɗaki, kowace dabara suka ɗauko sai ta karye a hannunsu.

Ɗaya daga ƙananan wayoyin ta fara kuka.

Ba suna a fuskarta, ba lamba.

Lukman ya ɗauko wayar, ya tsaya yana kallonta bai danna madannin ba. Rahma ta karɓe ta kara a kunne.

Farko iska kawai take ji, da kukan awaki daga nesa. Sai wata murya da za ta gane ko a cikin barci.

"Wa ke nan? Lukman ne?"

"Inna, ni ce."

"Rahmatu." Ta ja numfashi. Muryar ta dushe amma ba ta rawa. Ta ce kada ta damu, an ba ta ruwa, ta yi sallolinta, kanta ne dai yake ɗan sarawa. Ta tambayi ko Mas'uda ta kwashe ƙuli-ƙulin daga rana.

Rahma ta toshe bakinta da hijabi.

"Sun ce in ce muku ku kawo abin da suke nema," in ji Inna. Aka ji kamar tana gyara zama. Da ta ci gaba sai ta yi sauri. "Ki saurare ni, 'yar nan. Tun jiya suke waya a gabana, sun ɗauka tsufa ya cinye min kunne. Na ji ko su wane ne. Na ji abin da aka saya da sunana. Yayanki sun karɓe min shi ba da sona ba. Kada ki miƙa musu 'ya'yan wasu da hannunki, kin ji ko? Ban yafe ba in kin…"

Aka yi wata 'yar kokawa. Wani abu ya faɗi, kamar kwanon sha.

"Inna? Inna!"

Muryar da ta dawo ta namiji ce, a natse, har da ɗan murmushi a cikinta. Muryar da ta yi mata barka ranar sunan Mufida.

"Malama Rahma, ina wuni. Ashe kina gida. Ki yi haƙuri da tsohuwa, rana ce ta taɓa ta."

Lukman ya matso ya kara kunnensa a bayan wayar.

"Dama kira na yi in faɗa wa maigidan inda za mu haɗu," in ji Gajere. "To amma yanzun nan aka ce min wata mota ta karyo kwanar layinku, da mutum huɗu a ciki, biyu da kaki. An ce suna tambayar gidan sakataren gidauniya."

Daga waje ta ji ƙarar inji ya tsaya. Ƙofofin mota suka buɗe, suka rufe.

"Malama, baƙinku ne?"

Aka buga ƙofar gida.